Jami'a a lokacin yaƙi: tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka fi yi mini a Katsina

Na yi shekaru ina aiki a ofishin ajiye takardun ɗalibai na wata babbar makaranta a nan Katsina. Tun daga watan Mayun 2023, da yaranmu suka fara dawowa daga Sudan, tambayoyin da ake tare ni da su a masallacin unguwa da wurin ɗaurin aure suka sake kama. Da, maganar samun gurbin karatu ce. Yanzu uba zai ja ni gefe ya ce, Malam, yaron ya dawo hannu rabbana, ina muka dosa? Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan, tare da abin da nake amsawa.

Idan yaƙi ya ɓarke, rufe jami'a ake yi gaba ɗaya?

Wani lokaci haka ne, kuma ba sai mun je nesa ba. Da yaƙin basasa ya tashi a watan Yulin 1967, garin Nsukka na cikin na farko da faɗa ya ci. Jami'ar da ke can ta watse, karatu bai dawo ba sai 1970, kuma waɗanda suka koma sun tarar da ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje a lalace. Jami'ar ƙasa ta Somaliya ta fi wannan daɗewa: ta tsaya a farkon shekarun 1990, ba a sake buɗe ta ba sai 2014. Jaririn da aka haifa shekarar da aka rufe ta ya isa aure kafin ta dawo.

Amma akwai waɗanda suka ƙi rufewa, kuma misalin da na fi girmamawa namu ne na gida. Jami'ar Maiduguri ta sallami ɗalibai a watan Yulin 2011 da rikicin Boko Haram ya tsananta, bayan 'yan watanni ta sake buɗewa, daga nan kuma ta ci gaba da karatu cikin shekarun da ƙauyukan kewaye ke faɗawa hannun 'yan ta'adda. Ba a banza ta tsaya ba. Ranar 16 ga Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin rukunin gidajen malamai lokacin sallar asuba, Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitancin dabbobi na cikin waɗanda suka rasu. A watan Yulin shekarar kuma aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, ma'aikatan jami'ar suka mutu, aka tafi da wasu. Duk da haka aka ci gaba da shiga aji, ana jarrabawa, ana yaye ɗalibai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Na ji an ce wasu jami'o'in ƙaura suke yi. Ta yaya makaranta guda za ta tashi?

Gini ba ya tashi, gaskiya ne. Abin da ake ɗauka shi ne malamai, ɗalibai, rajista da hatimi. In waɗannan huɗu suka isa wani gari lafiya, aka sami mai ba su aron ɗakuna, to makaranta ta iso.

Mu Katsinawa mun san wannan tun da daɗewa, ko da yake namu ba yaƙi ne ya kawo shi ba. Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ginin ƙasar yana nan a cikin birni an mai da shi gidan tarihi, makarantar kuwa tana can tana yaye yara.

A wannan shekarar ta 1938 ɗin, can ƙasar Sin, wata ƙaura ta faru wadda har gobe ake ba da labarinta. Sojojin Japan sun mamaye arewacin ƙasar a 1937, sai manyan jami'o'i uku, biyu daga Beijin ɗaya daga Tiyanjin, suka haɗe suka zama ɗaya a garin Cangsha. Da yaƙi ya biyo su nan ma, suka nausa kudu maso yamma zuwa Kunmin. Wasu ɗalibai da malamai a ƙasa suka tafi, tafiyar kusan kilomita 1,600 cikin kwana 68. Sun yi karatu a ɗakunan rufin kwano da na ciyawa, in jirgin yaƙi ya taso a ruga bayan gari, in ya wuce a dawo aji. Haka har 1946.

A Yukren abin ya faru sau biyu cikin shekara takwas. A 2014 jami'ar Donesk ta koma garin Binitsiya, ta Luhansk ta koma Starobilsk. Da Rasha ta shigo da ƙarfinta ranar 24 ga Fabrairun 2022, ta Luhansk ɗin ta sake naɗe tabarmarta zuwa Foltaba, ta Mariyufol kuma ta koma Kiyef. A Iraƙi, da 'yan IS suka kama Mosul a 2014, malaman jami'ar garin da suka tsere sun ci gaba da koyarwa a Duhok da Kirkuk har aka kwato garin a 2017.

Ƙaura tana da tsada, kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba kowa ke iya bi ba. Mai tsohuwa a gida, mai gona, mai yara ƙanana, sau da yawa yakan zauna. Shi ya sa makarantar kan rabe biyu, rabi a sabon gari, rabi a tsohon gini ƙarƙashin waɗanda suka kama garin, kowane ɓangare na cewa shi ne na asali. Ɗalibin da ya zauna kuma shi ke shan wahala daga baya, in aka ƙi amincewa da takardarsa.

To ai yanzu akwai intanet. Ba sai a koma karatu ta waya ba?

Ana yi, kuma ya ceci shekarun ɗalibai da yawa. A Gaza, inda yaƙin da ya fara a Oktoban 2023 bai bar jami'a ko ɗaya lafiya ba, jami'o'in sun dawo da darussa ta intanet a 2024, ɗalibai na tafiya mai nisa daga tantinansu don neman inda za su yi caji su sauke lacca. Jami'o'in Yammacin Kogin Jodan, irin su Birzeit da An-Najah, sun buɗe musu darussansu. Jami'o'in Sudan ma sun koma intanet, sannan suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a garuruwan da ke da sauƙi da kuma ƙasashen waje kamar Masar da Saudiyya.

Sai dai ku tuna abin da ya same mu a watan Satumban 2021. Gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, ciki har da Dutsin-Ma, Ƙanƙara, Batsari da Funtuwa. Watanni aka yi mutum sai ya hau mota ya zo wani gari kafin ya kira ɗan'uwansa. Da a ce karatun ɗanka a waya yake a lokacin, ina zai sa kansa? Rikicin da ya hana zuwa aji, shi ne dai yake ɗauke sabis da wutar lantarki. Makarantun da suka fahimci haka ba sa dogara da lacca kai-tsaye ta bidiyo. Sukan naɗi murya gajera, su tura rubutu mara nauyi ta WhatsApp ko Telegram, wanda ɗalibi zai sauke sau ɗaya ya karanta ko babu sabis, su kuma sassauta ranar miƙa aiki.

Akwai kuma karatun da waya ba ta iya ɗauka. Ba a koyon ɗinkin rauni ko karɓar haihuwa a allo. Shi ya sa a 2022 hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sanar cewa ba za ta amince da digirin likitanci da aka kammala ta intanet daga Yukren ba. Iyaye da yawa sun ji zafin wannan, ni ma na tausaya musu, amma in ka tuna wa za a kwantar a gaban wannan likitan gobe, za ka gane dalilin. Dabarar da ta fi ita ce ta wata jami'ar likitanci mai zaman kanta ta Khartum, UMST, wadda a 2023 ta kai ɗalibanta na ajin asibiti Tanzaniya da Ruwanda, suka ci gaba da koyon aiki a gaban marasa lafiya na gaske.

Malam, ɗana ya dawo daga Sudan yana aji huɗu, babu takardar sakamako ko ɗaya. Me za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, don na ga hawayen manya a kanta.

Yaƙin Sudan ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Yaranmu da ke Jami'ar Afirka da sauran makarantun Khartum sun fito da 'yar jaka ɗaya, wasu suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su daga Aswan, wasu ta Port Sudan. A irin wannan fita ba wanda ke tunanin zuwa ofishin rijistara. Da hankali ya kwanta aka nemi takardar sakamakon shekara-shekara, wadda yara ke kira tiranskirif, sai aka tarar ofishin da zai bayar a rufe yake, ma'aikatansa sun warwatsu, wani wurin ma an kwashe kwamfutocin.

Abin da nake ce wa uba shi ne, Alhaji, a fara da tattara duk abin da ke hannu, kome ƙanƙantarsa. Takardar samun gurbi, katin shaidar ɗalibi, rasit na kuɗin makaranta, takardar rajistar darussa, hoton sakamako da aka ɗauka daga allon sanarwa, saƙon imel daga malami, bizar karatu da ke cikin fasfo. Ɗaya ba ta isa hujja, amma in suka taru suna nuna cewa yaron ya yi shekarun da yake faɗa. Bayan haka a nemi inda makarantar ta koma, don da yawa sun buɗe ofisoshin wucin gadi kuma suna ba da takarda ta intanet. A bi ta shafin makarantar na ainihi da ofishin jakadanci. A guji 'yan tsakiya masu cewa kawo kaza in fito maka da ita, domin takardar jabu in aka gano ta, ko bayan shekara goma ne, za a soke digirin.

A 2023 hukumar JAMB ta buɗe wa waɗanda suka dawo daga ƙasashen yaƙi hanyar sauya jami'a, amma magana ta ƙarshe tana hannun majalisar malamai ta jami'ar da ake nema. Su ne za su duba darussan da yaro ya yi, su gwada da nasu, su ce ga ajin da ya dace.

Wani yaron 'yar'uwata na cikin waɗanda suka dawo. Shi Allah Ya taimake shi da wata ɗabi'a da muke yi masa faɗa a kanta, ta ɗaukar hoton kowace takarda ya tura wa mahaifiyarsa. Da aka buɗe tsohuwar wayarta sai ga sakamakon zango shida a jere. Abokinsa da suka taso ɗaki ɗaya, wanda ma ya fi shi ƙoƙari, ba shi da ko ɗaya, ya yi shekara guda yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, ƙarshe ya koma aji biyu. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya zo gabana, ko a nan kusa da mu Batagarawa yake karatu, sai na ce masa ya ɗauki hoton sakamakonsa duk zango ya ajiye a wuri biyu.

Nauyin ba na ɗalibi ne kaɗai ba. Jami'ar da duk tarihin ɗalibanta ke cikin fayil a ɗaki ɗaya, ko a kwamfuta ɗaya ƙarƙashin teburin wani ma'aikaci, gobara ma ta ishe ta, balle yaƙi. Jami'o'in Yukren da suka tashi da sauri bayan ƙaura, abin da ya taimake su shi ne ƙasar na da rumbun bayanan ɗalibai guda na ƙasa baki ɗaya, wanda ba ya cikin ginin kowace makaranta. Da ni ake tambaya abin da makarantunmu za su fara kashe wa kuɗi, kafin sabuwar ƙofa mai ado, da na ce a kwafe duk rajistar tun daga ɗaliban farko, a ajiye kwafi a wani gari da kuma a intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa ake mayar da su ajin baya? Ba zalunci ba ne?

Yana da ciwo, amma akasari ba mugunta ba ce. Manhaja ta bambanta, wani ma da Larabci ya yi nasa. Mafi yawan jami'o'inmu ba sa karɓar mai sauyi a ajin ƙarshe, don ba za su sa hatiminsu a kan karatun da ba su gani ba. A likitanci kuma akwai adadin da aka ƙayyade wa kowace makaranta, ba ta da ikon wuce shi. Inda nake ganin gyara shi ne a riƙa yi wa yaro jarrabawar gwaji a ajiye shi inda iliminsa ya kai, maimakon a yanke hukunci da takarda kaɗai.

Mu nan ai ba yaƙi ake yi ba. Me ya haɗa mu da wannan magana?

Ko me za a kira shi, duba abin da yake yi wa makaranta. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Maris na 2021 aka ɗauki ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna, wata guda bayan haka aka shiga jami'ar Greenfield, biyar daga cikin waɗanda aka sace aka kashe su. A Satumban 2023 aka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, ba a yi sati biyu ba aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya.

Ku lura da na Gusau da na Dutsin-Ma. Ba a aji aka same su ba, ba kuma a ɗakunan kwanan makaranta ba. A gidajen haya ne na bakin gari, inda babu katanga mai ƙarfi, babu mai gadi, kowa kuma ya san ɗalibai ne a ciki. Jami'o'inmu na ɗaukar dubbai, gadajen kwanansu ba su kai ko kusa ba, sauran sai su bazu inda haya ta fi araha, wato gefen gari, wato bakin daji. A nan bangonmu ya tsage. Gina hostel a wannan yanki aikin tsaro ne, kuma kafin a gina, makaranta na iya yin rajistar duk gidan da ɗalibanta ke zaune, ta hana kama haya a unguwannin da suka fita fili, ta haɗa kai da mai unguwa da dagaci da 'yan sintiri. Sauran dabarun an san su: a gama lacca kafin la'asar sakaliya, a daina jarrabawar dare, motar makaranta ta riƙa tafiya cikin ayari, a kuma sanar da hutu yadda yara za su kama hanya da rana tsaka.

Ba gara a jibge sojoji a cikin makaranta ba, a kewaye ta da rami?

Rami da ganuwa suna da amfani, kakanninmu da suka kewaye Katsina da ganuwa ba wasa suke ba. A 2017 an haƙa rami a bayan Jami'ar Maiduguri don tare masu shigowa ta daji da bam, ya kuma rage. Amma ramin ba ya bin yaro zuwa gidan haya, ba ya kuma hana infoma da ke ciki.

Zaman sojoji a cikin harabar makaranta kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Da zarar an mai da makaranta bariki, ta zama abin hari. Wannan ne ma jigon Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, wadda Najeriya ta sa wa hannu, har Abuja ta karɓi babban taronta a Oktoban 2021: kada masu ɗauke da makami su mai da makaranta ko jami'a sansani. A ganina jami'an tsaro su tsare hanyoyi da kewaye, cikin gida kuma a bar wa masu gadin makaranta da suka san fuskar kowa.

Malamai fa? Su wa ke kula da su?

Ba a cika yin wannan tambayar ba, alhali a kanta komai ya rataya. Masu mamaya sun san haka. A Nuwamban 1939 'yan Nazi suka kira malaman jami'ar Karakof ta Foland taro, suka kama sama da 180 a zama ɗaya suka tura su sansanin tsare mutane. Waɗanda suka rage sai suka koma koyarwa a ɓoye cikin gidaje, mutum biyar, mutum goma, ana jarrabawa ana rubuta sakamako a asirce, bayan yaƙi aka amince da shi. Birzeit ta Falasɗinu ma da sojojin Isra'ila suka rufe ta daga 1988 zuwa 1992, a gidaje da masallatai da coci-coci aka ci gaba da darasi. Wanda ya tashi a karatun zaure ba zai yi mamakin wannan ba. Malami da ɗalibi da littafi in sun haɗu, ko a soron wani ne, an yi makaranta.

Abin da ke kashe jami'a a hankali shi ne tsayawar albashi. Malami na iya jure ƙarar bindiga, amma ba zai jure kukan yunwar 'ya'yansa wata shida ba. Zai tafi Saudiyya ko Ingila ko Malesiya, kuma wanda ya sa yara a makaranta a can da wuya ya dawo. Gini ana tayar da shi cikin shekara biyu, farfesan tiyata kuwa sai an yi shekara ashirin ana renonsa. Akwai ƙungiyoyin da ke ba malaman da ke cikin haɗari mafaka, irin su Cara ta Ingila da aka kafa tun 1933, suna kuma ceton rayuka. Amma tsarin da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi wa Yukren a 2022, inda aka haɗa jami'o'inta da na Birtaniya bibbiyu, sama da 100, kowace da ƙawarta, ana taimaka mata da kayan aiki da ɗakin karatu na intanet da haɗin bincike, don malamanta su zauna a gida su ci gaba da aiki. Ban ga abin da zai hana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da ta Dutsin-Ma, da ta Sufuri da ke Daura su rubuta irin wannan alkawari a tsakaninsu tun yanzu ba: in wata ta kasa zama, ga ɗakunan da za a ara mata, ga yadda za a karɓi ɗalibanta, ga yadda za a lissafa darussan da suka yi.

Littattafai da kayan bincike, ana iya ceton su?

Wasu. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Mosul an ƙone shi, ba a sake buɗe shi ba sai Fabrairun 2022, kuma littafin bugu ana iya sayo wani. Rubutun hannu ne in ya tafi ya tafi. A Tumbutu, da masu makamai suka kama garin a 2012, Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji littattafai suka riƙa zuba su cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su kaɗan-kaɗan a mota da kwalekwale ta kogin Kwara zuwa Bamako, dubu ɗaruruwa. Waɗanda aka bari a cibiyar Ahmad Baba, an ƙone kimanin 4,000 a Janairun 2013.

Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba ya rasa irin wannan dukiya. Akwai gidajen malamai a cikin birni da Daura da ƙauyuka masu gafaka cike da rubutun kakanni, gara na ci, damina na ci. Ɗaukar hotonsu shafi-shafi ba ya bukatar jiran kowa, wayar hannu mai kyau da haƙuri sun isa a fara.

Ni uwa ce. 'Yata ta sami gurbi, amma gabana faɗuwa yake. In hana ta?

Hajiya, tsoronki gaskiya ne, ba zan ce miki babu komai ba. Amma na lura duk lokacin da aka sace ɗalibai, yara maza kan koma bayan an lafa, matan ne ake cewa su zauna, daga nan sai maganar aure, karatun ya tafi ke nan. Ga shi kuma mu ne ke neman likita mace da ungozoma in matanmu za su haihu.

Kafin ki yanke, ki je da kanki ko ki tura yayanta ya gani. A ina za ta kwana? In hostel na cikin makaranta ne, da sauƙi ƙwarai. In haya ce, a cikin gari take ko a baki, su wa ke maƙwabtaka, akwai dattijo a gidan? Ƙarfe nawa ake tashi daga lacca, da me za ta dawo? In amsoshin ba su kwanta miki ba, a nemi sauyi zuwa makarantar da ke cikin birni, ko ta yi jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a nan Katsina, kafin abubuwa su daidaita.

Yaron ya dawo lafiya, amma ya canza. Ba ya barci, ƙarar ƙofa ma firgita shi take.

Wannan ciwo ne sananne ga wanda ya ga tashin hankali, kuma yana da magani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, biyun ba sa karo. Kada a ce masa rago, kada a matsa masa ya ba da labari. Bayan harin jami'ar Garisa ta Kenya a Afrilun 2015, inda aka kashe mutum 148, an mayar da waɗanda suka tsira jami'ar Moi da ke Eldoret, aka haɗa su da masu ba da shawara, don an gane da yawansu ba za su iya sake zama a ajin da suka ga gawar abokansu ba. In yaronku ya nemi a ɗage masa zango ɗaya, a rubuta wa makaranta a hukumance, kada ya ɓace kawai a kore shi.

Digirin da aka yi cikin yaƙi yana da daraja kuwa?

Ya danganta da ko makarantar ta riƙe ma'auninta. Waccan jami'ar ta Kunmin mai rufin kwano, biyu daga cikin ɗalibanta, Yang da Li, sun sami kyautar Nobel a kimiyyar fiziya a 1957. Talaucin gini bai rage musu komai ba, don malamansu ba su sassauta jarrabawa ba. Inda daraja ke zubewa shi ne in aka fara cewa a tausaya, a ba kowa maki ya wuce, ko a dunƙule zangon wata huɗu cikin sati biyar. Tausayin da ya dace shi ne a ƙara wa ɗalibi lokaci, a yafe masa kuɗi, a ba shi damar sake zama.

Duk da haka ina son tura yarona waje. Me zan duba?

Ka fara tabbatar da cewa ma'aikatar ilimi ta tarayya ta amince da makarantar, in likitanci ne ko aikin jinya ko haɗa magunguna ka tambayi hukumar wannan sana'ar ita ma. Ka tambayi makarantar kai-tsaye ko tana ba da sakamako a rubuce duk ƙarshen zango, ko sai an gama gaba ɗaya. In sai an gama ne, ka yi tunani sau biyu. Kada ka biya kuɗin shekaru da yawa a dunƙule, ko da an yi maka ragi. Yaro ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ƙungiyar ɗalibai ranar da ya sauka, don da jerin sunayensu aka yi aikin kwaso mutane daga Yukren da Sudan. Fasfonsa ya zauna a hannunsa, kada ya ba wani wakili ko ofishin makaranta ajiya. Ya riƙe 'yan daloli a jiki waɗanda ba ya taɓawa, domin ranar da Khartum ta rikice bankuna da hanyoyin tura kuɗi na cikin abin da ya fara tsayawa, kuɗin mota zuwa iyaka kuma ya ninka sau da yawa. Asalin takardunsa na sakandare su zauna a gida Katsina, ya tafi da kwafin da aka buga wa hatimi, sai in makarantar ta dage sai ta ga na asali, to ya nuna ya karɓo abinsa.